Yadda Ake Shirya Aikin Duba Marasa Lafiya Kyauta a Karkara

Kusan kowace shekara, musamman bayan sallah ko a lokacin hutun makarantu, za ka ji wata ƙungiya ta tashi da niyyar kai likitoci garinsu. Wani lokaci tsofaffin ɗaliban wata sakandare ne, wani lokaci 'yan gari mazauna Kano da Abuja, ko ɗaliban likitanci, ko wani mai hali da yake son ya fitar da wani abu saboda Allah. Niyyar tana da kyau, buƙatar kuwa ba sai an faɗa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin irin wannan aiki ana ƙarar da ƙarfinsa duka a yini guda: a kafa rumfa, a raba magani, a ɗauki hoto, la'asar na yi a kwashe kujeru. Bayan wata ɗaya dattijon da aka gaya wa yana da hawan jini ya shanye maganinsa, bai san inda zai samo wani ba, matar da aka ce ta je babban asibiti kuma tana nan a ɗakinta don ba kuɗin mota. An haƙa musu rijiya an tafi da guga ke nan.

Saboda haka jagorar nan ta fi ba da ƙarfi a kan abin da ake yi kafin ranar da kuma bayanta. Ku ba kanku aƙalla mako shida zuwa takwas na shiri.

Mataki na farko: ku san ciwon garin kafin ku sayi ko ƙwaya ɗaya

Ku tura mutum biyu ko uku su je garin su wuni. Wanda za su fara gani shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi na garin, ko na mazaɓar idan garin ba shi da nasa. Su roƙe shi ya buɗe musu rajistarsa ta wata shida da suka wuce, su ga wace cuta ce ta fi kawo mutane, a wane wata, kuma wa ya fi zuwa. Daga nan su zauna da mai kemis, domin shi ne asibitin mutane na haƙiƙa a ƙauyuka da yawa, ya san abin da ake saya da abin da ake karɓa bashi. Su ga ungozoma, su ga wanzami. Su tambayi inda ake ɗebo ruwan sha, rijiya ce ko burtsatse ko tafki. Su auna nisan babban asibiti mafi kusa da kuɗin motar zuwa can, da rana nawa ne, da dare nawa ne.

Wannan zagayen ne zai faɗa muku abin da za ku ɗauko. Garin da ke bakin madatsar ruwa ko wurin noman rani, irin su yankin Kura da Kadawa ko kewayen Bakolori da Goronyo, ku sa ran samun yara maza masu fitsarin jini, wato tsargiya. Inda ake haƙar zinare ana niƙa dutse a cikin gida, ku tuna da abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, aka daɗe ana ɗaukar jijjigar da suke yi a matsayin zazzaɓi. Idan kuma tsakanin Yuli da Oktoba za ku je, zazzaɓin cizon sauro da tamowa ne za su cika muku layi, domin a lokacin sauro ya yi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa.

Mataki na biyu: takarda da gaisuwa

Takarda tana zuwa wuri uku: ma'aikatar lafiya ta jiha, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A ciki ku rubuta ranar, wurin, sunayen ma'aikatanku da lambar lasisinsu, da jerin magungunan da za ku kawo. Ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ku ajiye. Ku kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, ku tambayi 'yan sintirin gari halin hanya. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, abin da mutanen gari suka ce game da lokacin shiga da na fita shi ne doka.

Gaisuwa kuwa ta fi takarda nauyi, don da ɗan gari akan ci gari. A fara da hakimi, shi zai haɗa ku da dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni. Kada a tsallake limamin Juma'a, idan kuma akwai Kiristoci a garin a je wurin fasto. A kowace mazaɓa ana sa ran samun kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti. Ku nemi shugabansa. Idan da rugage a kewaye, arɗo ma yana da nasa haƙƙin gaisuwa.

A gaban hakimi kada ku tsaya a kan "Ranka ya daɗe, mun zo taimakon al'umma." Ku amsa tambayoyin da ba za a yi muku a fili ba amma suna cikin zuciyar kowa: su wane ne ku, kuɗin waye, wane magani ne, kuma jinin da za a ɗiga daga yatsa ina za a kai shi. Wannan zargin yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 11 daga cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an gurɓata shi, ba a dawo da shi ba sai 2004. Dattawa ba su manta ba. Ku kai kwalayen maganin su gani da idonsu, ku yi gwajin zazzaɓi a yatsan ɗayanku a gaban fada, ku nuna cewa abin gwajin a kwandon shara yake ƙarewa.

Idan ɗan siyasa ne ya ba da gudummawa, ku gode masa a rahoto, amma kada a liƙa hotonsa a rumfa. Da zarar an liƙa, rabin gari sun ɗauka ba don su aka zo ba.

Mataki na uku: ku yanke abin da ba za ku taɓa ba

Wannan zaman yakan yi zafi, domin kowa yana son a yi komai. Ƙa'idar da nake ba da shawara a bi ita ce, duk cutar da za ku nema a jikin mutum, ku tabbata kuna da amsar "to daga nan fa?" Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari na yara, tsutsar ciki, ƙazuwa, makero, ƙananan raunuka, duk waɗannan ana iya gama maganinsu da abin da za ku bayar a ranar. Hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da sikila na tsawon rai ne, sai da wanda zai ci gaba da kula da mai su. Gwajin ƙanjamau ko ciwon hanta kuwa kada a yi shi sai akwai ɗaki mai sirri, da mai ba da shawara da aka horar, da cibiyar da ta yarda za ta karɓi wanda aka samu. Aikin tiyata, ko na kaba ne ko gwaiwa ko yanar ido, ba a yin sa a ajin firamare. A rubuta sunayensu, a yi yarjejeniya da asibiti, a kai su rukuni-rukuni.

Mataki na huɗu: kuɗi

Ku kasa abin da kuka tara kashi uku. Kashi ɗaya na magani da kayan gwaji, kashi ɗaya na mota da abinci da rumfa da sauran hidimar ranar, kashi na uku a kulle shi don abin da zai biyo baya: kuɗin motar waɗanda za a tura asibiti, kuɗin gado, jini, da maganin wata na biyu da na uku. Wannan kashin ne ake fara ci idan kuɗi ya gaza, alhali shi ya kamata a taɓa a ƙarshe. In dole sai an rage wani abu, a rage riguna masu tambari da alluna. Mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kowane sisi da rasit.

Mataki na biyar: ma'aikata, da lissafin da ba a son yi

Likita ko ƙwararren jami'in lafiya da zai ba kowane mara lafiya minti shida ko bakwai, a aikin awa shida, mutum 50 zuwa 60 zai gani. Idan masu duba marasa lafiya biyar gare ku, ƙarfinku mutum 300 ne, ba 1,000 ba. Duk wanda ya ce muku ya ga mutum 200 shi kaɗai a yini, takardar magani ya rubuta, bai duba kowa ba.

Bayan likitoci kuna buƙatar nas-nas, ungozomar asibiti, mai harhaɗa magunguna, ma'aikacin ɗakin gwaji, masu rajista, da masu tsara layi. Ku duba lasisin kowa da kanku, ko da abokinku ne; likita yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, nas da ungozoma da tasu hukumar, haka mai harhaɗa magani. Ɗalibai suna da amfani ƙwarai wajen awon jini da nauyi da wayar da kai, amma ba sa rubuta magani sai da sa hannun na gaba da su. Ku yi iya ƙoƙarinku rabin ma'aikatan su zama mata. Akwai macen da za ta shekara da ciwon mara ko yoyon fitsari, ta zauna gaban likita namiji ta ce ciwon kai ya kawo ta. A samu mai jin Fulatanci ko wani harshen da ake yi a yankin, kuma kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa. Malamin asibitin garin da ma'aikatansa su kasance cikin tawagar tun daga shiri, a ba su alawus daidai da na kowa, domin su za a bar wa marasa lafiyan.

Mataki na shida: magani

Ku saya daga hukumar samar da magunguna ta jiha inda take aiki, ko daga dillalin da ke da rajista. Mai harhaɗa maganinku ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali, ya kankare lambar tantancewa ya tura saƙo inda akwai ta. Maganin da aka ba ku kyauta ma haka za a bincike shi. Abin da ya rage masa wata ɗaya ko biyu, ko aka rubuta bayaninsa da harshen da ba wanda ke karantawa, ku ce an gode. Kada a bar kwalaye su wuni a bayan mota cikin rana, musamman kayan gwajin zazzaɓi.

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka kayan gwajinsa da maganinsa su ne kan gaba. Sai farasitamol, gishirin gudawa da zinc, amoxicillin na yara mai narkewa a ruwa, maganin tsutsar ciki, maganin ƙarin jini da folic acid na masu ciki, man ƙazuwa, kayan wanke rauni, da man chlorhexidine na cibiyar jarirai. A ware akwatin gaggawa a hannun likita ɗaya: allurar artesunate, magnesium sulphate na jijjigar masu ciki, maganin tsayar da jijjigar yara, ruwan ƙari, da adrenaline. Tramadol da makamantansa kada su shiga motarku. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana shi tun 2018. Maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid ma kada a raba shi sai mai duba ido ya duba, don yana iya ƙarasa idon da ke da gyambo.

Za a matsa muku lamba a kan allura da ƙarin ruwa, domin mutane da yawa suna ganin ba a yi musu magani ba in ba a soke su ba. Ku tsaya a kan bakanku cikin ladabi. Haka nan batun "maleriya da taifot" da ya zama kamar suna ɗaya a bakin jama'a: gwajin Widal da ake dogaro da shi ba ya tabbatar da taifot shi kaɗai, kuma raba maganin kashe ƙwayoyin cuta ga duk mai zazzaɓi shi ke sa maganin ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske.

Mataki na bakwai: rana, wuri da kati

Ku guji ranar kasuwar garin da ta kasuwar makwabta, da Juma'a, da makon shuka ko girbi. A azumi shan magani a kan lokaci yana wahala. Wurin da ya fi shi ne harabar asibitin garin, don mutane su saba da ƙofarsa. In ya yi ƙanƙanta, makarantar firamare ranar Asabar, saboda azuzuwa masu ƙofa. A tanadi inuwa, randunan ruwan sha, makewayi na maza da na mata, da mota ɗaya cike da mai wadda ba ta da wani aiki sai jiran gaggawa.

Kada a yi shela a rediyo cewa kowa ya zo. A Disambar 2024 an yi turmutsitsi a wuraren rabon kayan taimako a Ibadan da Abuja da Okija, mutane da dama suka mutu, yara da yawa a cikinsu. Ku buga kati daidai ƙarfinku, ku raba kwana biyu ko uku kafin ranar, kowane kati da lokacin zuwansa: wasu ƙarfe takwas, wasu goma, wasu sha biyu. Kada duk katin ya bi ta hannu ɗaya, don ɗan Adam ajizi ne, mai unguwa ma yana da dangi. A ba malamin asibiti wasu, ungozoma wasu, liman wasu, arɗo wasu, a ce su nemo waɗanda ba sa iya zuwa asibiti: zawarawa, tsofaffi, naƙasassu, almajirai. A riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar a hannu don waɗanda za su zo a galabaice ba kati. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, layin mata daban da na maza.

Mataki na takwas: ranar aikin

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a ranar ba ya zama a kujera. Nas ce ko jami'in lafiya mai gogewa da zai riƙa zagaya layi yana leƙa fuskar yaran da ke goye. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, a cire shi daga layi nan take. Haka mai ciki da ke zubar da jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da dishi-dishin gani. Uwar da ɗanta ya fi kowa jin jiki sau da yawa ita ce ta fi kowa shiru a ƙarshen layi.

Sauran su bi tsari: rajista, awo, gwaji, likita, magani, fita. A teburin awo a auna nauyin kowane yaro, domin da nauyi ake ba da magani. Maganin zazzaɓi na artemether da lumefantrine, misali, yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, sau shida cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an sha da abinci mai maiƙo ko nono. Wanda gwajinsa bai nuna zazzaɓin sauro ba, a nemi abin da ke damunsa, kada a ba shi don a sallame shi.

Duk yaro daga wata 6 zuwa 59 a zagaya masa tef ɗin awon damtse a tsakiyar hannun hagu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai dawo ba, wannan kumburin tamowa ne ko da tef ya nuna kore, kuma iyaye sukan ɗauka ƙiba ce. A ƙirga numfashin mai tari na minti ɗaya cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon haƙarƙari ce. A duba katin rigakafi, wanda ya tsallake a haɗa shi da mai rigakafin garin a ranar.

Ga manya, wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ya huta minti biyar a sake aunawa. Mutumin da ya taka kilomita uku cikin rana ya tsaya a layi, awo ɗaya bai isa a ɗora masa cutar tsawon rai ba. Idan za a fara masa magani, a zaɓi wanda ake samu a kemis ɗin kusa da araha, irin su amlodipine, a rubuta masa sunan a kati.

Teburin magani shi ne inda aiki ya fi lalacewa, don a lokacin kowa ya gaji. Rubuta "2 x 3" a jikin leda bai amfana wa wadda ba ta karatun boko komai ba. Ku ɗaure shan magani da lokutan salla: sau biyu a rana, asuba da magariba, sau uku, asuba da azahar da bayan isha. A zana ɗigo daidai yawan ƙwayoyin, ko a rubuta da ajami. Sannan a ce, "Inna, maimaita min yadda za ki ba shi." Sai ta faɗa daidai za ta tashi. Uwar da ta zo da yara uku, a rubuta sunan kowanne a ledarsa, ko a sa wa kowace leda alama daban.

Hoto kuwa, kada a ɗauki fuskar mara lafiya sai da izininsa, kada kuma a sa yaro mai tamowa a Facebook don neman gudummawa.

Mataki na tara: wayar da kai

Lacca da lasifika a gaban mutum 300 masu jiran a kira lambarsu ɓata murya ce. A ɗebi mata 20 ko 30 daga masu jira, a zauna a tabarma ƙarƙashin bishiya, minti goma sha biyar, saƙo uku kacal, kuma a yi abin a gabansu. A kawo ruwa mai tsabta a haɗa gishirin gudawa daidai ma'aunin da ke jikin ledar, a kira ɗaya daga cikinsu ta haɗa na biyu, a gaya musu zinc kwana 10 zuwa 14 ake ba da shi ko da gudawar ta tsaya. Inda ba leda, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. A dama kunu a gabansu da garin gero da gyaɗa da waken soya da ɗan garin zogale, yara su sha a wurin. A ɗaura gidan sauro a nuna yadda ake cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, a faɗa cewa sabo ana shanya shi a inuwa yini guda kafin a kwana ciki, domin ƙaiƙayin daren farko ne ke sa a mayar da shi shingen lambu.

Batutuwan al'ada suna son dabara. Zubar da dakashi, ba jariri ruwa kafin wata shida, gasa cibiya ko shafa mata abin da aka ga dama, cire beli, yankan gishiri, da wankan jego da tafasasshen ruwa tare da kunun kanwa mai yawa, wanda likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta da ciwon zuciyar masu jego: duk waɗannan kakanni ne ke riƙe da su, ba amarya ba. Idan kuka tara matasan mata kuka ce musu jahilci ne, za su ce to, su koma gida uwar miji ta yi yadda ta saba. A zauna da tsofaffin daban, a fara da tambayarsu yadda suke yi da dalilin yin, sannan a kawo musanya: man chlorhexidine a madadin gasa cibiya, ruwa mai ɗumi a madadin tafasasshe. Ungozoma da wanzami a ba su matsayi a zaman, a nuna musu alamomin da in sun gani za su ce a tafi asibiti.

Maza kuma a same su a ƙofar masallaci bayan azahar, liman ya buɗe. Abu biyu ake nema a wurinsu. Na farko, kowane magidanci ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa, cewa in naƙuda ko ciwo ya zo ba ya nan a kai matarsa asibiti ba sai an jira shi ba. Na biyu, unguwa ta san direban da za a buga wa ƙofa da tsakar dare, da asusun da za a biya shi daga ciki. A jihohin Arewa da dama an yi irin wannan tsari da direbobin ƙungiyar NURTW. Ku tambaya a tashar garin ko yana nan.

Mataki na goma: bayan an kwashe kujeru

Kafin ku tashi, a tattara allurai da tsinken huda yatsa a kwalin da aka tanada don su, a tafi da su babban asibiti a ƙone. Duk sirinjin da aka bari a bola, gobe yana hannun yaro yana wasan ruwa da shi. Ragowar magani a ƙirga, a rubuta, a miƙa wa malamin asibiti a gaban shugaban kwamitin mazaɓa, kowa ya sa hannu. A bar masa na'urar awon jini da batir, da na'urar awon suga da tsinkenta, da littafi mai sunayen duk masu hawan jini da suga da ranar da kowanne zai dawo.

Duk wanda aka tura asibiti a rubuta masa takarda mai kwafi biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a naku, da lambar wayar wani a gidansu ko maƙwabci. A faɗa masa sunan wurin da ranar da za a je, a haɗa masu zuwa wuri ɗaya a mota ɗaya da ɗan rakiya. Mai tarin da ya kai mako biyu a kai shi gwajin tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana kuma samun bayani a lamba 3340. Mai yoyon fitsari akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, da ta Ningi a Bauci, da ta Laure a asibitin Murtala na Kano, da ta Jahun a Jigawa. Yaron da gyambo ke cin dasashinsa da kumatunsa, asibitin wannan cuta, wadda likitoci ke kira "noma", yana Sakkwato. Masu matsalar ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Mai jan tef a kai shi cibiyar tamowa mafi kusa a cikin makon, in kuma ba ya cin abinci ko yana da kumburi sosai, a ranar. Idan kun ga abin da ya yi kama da ƙyanda, ko amai da gudawa a gidaje da yawa, ko maƙogwaro mai farin yaɓi irin na mashaƙo da ya addabi Kano a 2023, ko yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ku sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma kafin ku kwanta. Lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ita ce 6232.

Akwai kuma wata ƙofa da ƙungiyoyi ba su cika ƙwanƙwasawa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani ɓangarensa na biya wa marasa ƙarfi inshora ne ta hannun hukumomin jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Guraben ba su da yawa, amma jerin sunayen da kuka tattara na zawarawa da naƙasassu da masu ciki shi ne irin abin da ake nema. Ku kai shi ofishin, ku taimaka wa waɗanda ba su da lambar NIN su yi, ku riƙa komawa kuna tambaya.

Ku naɗa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda aikinsu kawai kira ne: bayan mako ɗaya, bayan wata ɗaya, bayan wata uku. An je? Me aka ce? Maganin ya ƙare? Abin da suka samo shi za a sa a rahoton da za a kai wa ƙaramar hukuma da dagaci da waɗanda suka ba da kuɗi, a rubuta mutum nawa aka tura da mutum nawa suka isa, ba yawan waɗanda suka bi layi kaɗai ba. Lokacin da za a zauna shirin zagaye na biyu, za a sami masu cewa a kai wani gari don kowa ya ɗanɗana. Ni dai shawarata a koma garin farko bayan wata uku zuwa shida, da ƙaramar tawaga, a buɗe littafin da aka bar wa malamin asibiti a fara kiran suna daga shafin farko.